Hifnosis da Ƙwaƙwalwa: Me Na'urorin Ɗaukar Hoto Suka Gano?

Da farko, mene ne hifnosis?

Hanya ce da mai gudanarwa ke amfani da magana kaɗai ya tattara hankalin mutum wuri guda, sannan ya riƙa gaya masa abin da zai ji ko zai gani. Yawanci mataki biyu ne. Na farko shi ne shigarwa: ka zauna da kyau, ka zuba wa wuri ɗaya ido, ka saki jiki, ka bi muryata. Na biyu shi ne shawara: hannunka na dama yana yin nauyi, yatsunka sun manne ba za su rabu ba, zafin da ke bayanka yana ja da baya.

Abin da ya bambanta shi da bin umarni na yau da kullum shi ne yadda mutumin yake jin abin a ransa. Wanda ya kamu zai ce maka hannun da kansa ya sauka, shi bai sauke shi ba. Wannan jin cewa abu yana faruwa da kai alhali kai ne mai yin sa, shi masu binciken ƙwaƙwalwa suka fi ƙwallafa rai a kai.

Wani irin barci ne?

A'a. Likitan da ya yaɗa sunan, James Braid, wanda ya yi aiki a Manchester ta Ingila ya kuma fitar da littafinsa a 1843, da barci ya fara danganta abin, daga baya ya koma ga ra'ayin cewa tattara hankali ne kan abu guda. Na'urar EEG, mai auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai, ta goyi bayan ra'ayinsa na biyu. Mai barci mai nauyi yana fitar da manyan igiyoyi masu tafiyar hawainiya, wanda ke cikin hifnosis kuwa igiyoyinsa na mutumin da ke farke ne cikin natsuwa.

Ko sakin jikin ma ba dole ba ne. A 1976 Éva Bányai da Ernest Hilgard sun ɗora mutane kan keken motsa jiki, idonsu buɗe suna tuƙi, ana gaya musu cewa suna ƙara wartsakewa. Suka karɓi shawarwari kusan daidai da waɗanda aka zaunar aka ce su huta.

Yaya na'urorin suke ganin aikin ƙwaƙwalwa?

Ba tunani suke gani ba, kuma yana da kyau a riƙe wannan tun daga nan. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, kuma duk sashen da ya ɗauki aiki sai jini ya ƙaru a wurin. Na'urar ɗaukar hoto ta PET tana bin wani sinadari mai fitar da ɗan ƙaramin tururin nukiliya da aka zuba a jini, ta nuna inda ya taru. Ita kuwa fMRI maganaɗisu take amfani da shi, tana gane bambancin jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya sauke ta. Jinin yana kaiwa ƙololuwa ne bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida da fara aikin, don haka fMRI ta iya nuna wuri amma tana makara. EEG akasin haka take, tana kama abu cikin ƙiftawar ido amma ba ta iya cewa ga takamaiman inda ya fito.

Kamar mutum ne tsaye nesa da gari da dare yana hangen unguwar da fitilunta suka fi haske. Ya san ana hidima a can, bai san me ake tattaunawa ba. Launukan ja da rawaya da ake gani a hotunan ma kwamfuta ce ta shafa su bayan lissafi, don nuna bambanci tsakanin yanayi biyu da aka gwada.

Ta yaya aka san mutanen ba kwaikwayo suke yi don su faranta wa mai gudanarwa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta daɗe tana ci wa fagen tuwo a ƙwarya, domin kafin zuwan na'urorin babu wata shaida sai bakin mutumin. Ya ce ya ga launi, to wa zai leƙa kansa ya tabbatar?

A 2000 Stephen Kosslyn na Jami'ar Harvard da David Spiegel na Stanford da abokan aikinsu suka sa mutum takwas masu saurin kamuwa da hifnosis a na'urar PET. Aka riƙa nuna musu zane mai murabba'ai, wani lokaci masu launuka, wani lokaci toka-toka zalla. Idan an nuna mai toka sai a ce su ga launi, idan an nuna mai launi sai a ce su tsotse launin su ga toka. Sashen da ke sarrafa launi a ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya ya bi maganar da aka faɗa musu, ya bar abin da ke gaban idonsu. Da aka ce su ga launi aikinsa ya ƙaru ko da toka suke kallo, da aka ce su ga toka ya ragu ko da launi ne a gabansu. Wani abin lura shi ne, a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa hakan ya faru ko da kawai an ce su ƙiyasta a zuci babu hifnosis, a ɓangaren hagu kuwa sai cikin hifnosis.

Shekara biyu kafin nan, Henry Szechtman da tawagarsa a Kanada sun yi irin wannan da sauti. An kunna wa mutane murya a faifai, an sa su ƙiyasta muryar, sannan cikin hifnosis aka ce musu an sake kunna ta alhali ba a kunna komai ba. Wani yanki da ake kira singulet na gaba, a ɓangaren dama, ya yi aiki lokacin da suka ji muryar gaske da lokacin da suka ji ta bogi, amma ya yi shiru lokacin ƙiyasi. Wato ƙwaƙwalwar ta ɗauki muryar bogin a matsayin abin da ya shigo daga waje.

Gwajin da ya tunkari batun kwaikwayo kai tsaye shi ne na Yann Cojan da Patrik Vuilleumier a Janiba ta Suwizalan, a 2009. An gaya wa wasu cikin hifnosis cewa hannunsu na hagu ya shanye, wasu kuma aka ce su yi kamar ya shanye da gangan. Duka rukunin biyu ba su motsa hannun ba, amma hoton ya bambanta. A wajen masu hifnosis, sashen motsi ya shirya motsa hannun kamar kullum, sai dai ya ƙara haɗewa da wani yanki mai suna firikuniyos, wanda ke da hannu a yadda mutum ke siffanta kansa a zuci. Masu yi da gangan kuwa sun nuna irin tsarin mai danne motsi da niyya.

Mutum takwas ba jama'a ba ce, za mu dawo kan wannan. Amma gwaje-gwaje daban-daban a ƙasashe daban-daban sun nufi alƙibla ɗaya, kuma a ganina zancen cewa duk wasan kwaikwayo ne ya daina tsayawa da ƙafarsa.

Yaya magana za ta rage ciwo?

Nan ne binciken ya fi ƙarfi, har ma ya koyar da masana wani abu game da ciwon kansa. Ciwo fuska biyu gare shi. Akwai ƙarfinsa da wurinsa, wato yana ina kuma ya kai yaya. Akwai kuma damuwar da yake sa mutum, wato yadda ya ƙosa ya rabu da shi. A rayuwa biyun tare suke tafiya, shi ya sa da wuya a raba su a ɗakin gwaji.

Pierre Rainville da Catherine Bushnell da abokan aikinsu a Montreal suka raba su da hifnosis, suka buga sakamakon a 1997. Mutum zai tsoma hannunsa na hagu cikin ruwa mai zafin digiri 47 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ke ciwo amma ba ya ƙona fata cikin ɗan lokaci. Ruwan bai canja ba ko sau ɗaya. Abin da ke canjawa shi ne maganar, wani lokaci a ce masa zafin zai dame shi ƙwarai, wani lokaci a ce zai ji shi amma ba zai dame shi ba. Aikin singulet na gaba ya riƙa hawa da sauka tare da damuwar da mutumin ya ce yana ji, shi kuwa sashen da ke karɓar saƙon taɓawa daga fata ya tsaya yadda yake. A 2001 tawagar ta juya gwajin, aka karkata shawarar kan ƙarfin zafin kansa, sai ga sashen karɓar saƙon fatar ya canja. Kalmomin da aka zaɓa su ne suka yanke wane sashe zai amsa.

Abin yana aiki ta ɗaya gefen ma. A 2004 Stuart Derbyshire da David Oakley da wasu sun sa mutane jin ciwo ta shawara kaɗai, babu wani zafi da aka ɗora musu, kuma yankunan da ciwon gaske ke tayarwa, irin su talamos da insula da singulet, suka yi aiki. Ƙiyasta ciwon kawai bai tayar da su haka ba.

Ƙarin bayani ga mai son sani: jiki yana da nasa sinadaran kashe zafi masu kama da mofin, kuma akwai magani mai suna naloksan da ke toshe su. Wannan maganin yakan rushe sauƙin da maganin bogi ke kawowa, wato wanda babu magani a cikinsa amma majiyyaci ya zaci na gaske ne, amma a gwajin Avram Goldstein da Hilgard na 1975 bai hana hifnosis rage ciwo ba. Alama ce cewa hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne.

Zai iya canja abin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta ba da izinin mutum ba, kamar karatu?

Zuwa wani mataki, e. Akwai tsohon gwaji da John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. A rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar. Duk wanda ya iya karatu sai ya ɗan yi tuntuɓe, domin idonsa ya riga ya karanta kalmar kafin ya hana shi. An daɗe ana kafa hujja da wannan cewa karatu ba ya tsayuwa da zarar an ƙware.

Amir Raz da Michael Posner suka gaya wa masu saurin kamuwa cikin hifnosis cewa idan sun fito za su ga kalmomin kamar rubutun wani harshe da ba su sani ba. Tuntuɓen ya ragu sosai, a wajen wasu ma ya ɓace. Hoton fMRI da suka buga a 2005 ya nuna raguwar aiki a sassan gani da kuma singulet na gaba, wanda kan tashi idan amsoshi biyu suka yi karo. Daga baya Raz da Irving Kirsch suka gano cewa shawarar tana rage tuntuɓen ko da ba a yi shigarwa ba, muddin mutumin mai saurin kamuwa ne. Wannan sakamakon bai yi wa masu ɗaukar shigarwa a matsayin komai da komai daɗi ba.

To idan an shigar da mutum amma ba a ba shi wata shawara ba, me ke canjawa?

Ƙwaƙwalwa tana da gungun yankuna da ke tashi idan mutum ba ya komai, yana tunanin kansa, yana tuna jiya yana shirya gobe. A kira shi gungun zaman kawai. A 2009 William McGeown da abokan aikinsa a Jami'ar Hull ta Ingila sun ga gaban wannan gungu ya lafa cikin hifnosis a wajen masu saurin kamuwa, bai lafa ba a wajen marasa kamuwa.

Bincike mafi shahara shi ne na Heidi Jiang da Spiegel a Stanford, wanda ya fito a mujalla a 2017. Sun tantance mutum 545, suka zaɓi 57, wato 36 masu saurin kamuwa ƙwarai da 21 marasa kamuwa. Abu uku suka gani a rukunin farko. Aikin saman singulet na gaba ya ragu, yankin da ke taimakawa wajen tantance abin da ya cancanci a damu da shi. Haɗin da ke tsakanin gefen goshin ƙwaƙwalwa, mai tsara aiki, da insula, mai sauraron cikin jiki, ya ƙaru. Sannan haɗin wannan gefen goshi da gungun zaman kawai ya ragu. Spiegel ya fassara na ukun da cewa mutum yana aikata abu ba tare da ya tsaya yana kallon kansa yana aikatawa ba, abin da ya yi daidai da zancen hannun da ya sauka da kansa. Fassara ce mai ma'ana, amma fassara ce. Na'urar lambobi kawai ta bayar.

Kowa ne ke kamuwa?

Ba daidai ba. Tun 1959 André Weitzenhoffer da Hilgard suka fitar da ma'aunin Stanford mai gwaje-gwaje 12, daga masu sauƙi kamar saukar hannu zuwa masu wuya kamar mantuwa. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutane suna kamuwa ƙwarai, kusan adadin haka kuma da ƙyar ko sam, sauran suna tsakiya. Halin yana daɗewa tare da mutum, domin da aka sake auna wasu tsofaffin ɗaliban Stanford bayan shekara 25, a rahoton da ya fito a 1989, makinsu bai yi nisa da na farko ba. Kuma ba alamar raunin hankali ko saurin yaudaruwa ba ce.

A 2012 Fumiko Hoeft ta kwatanta mutum 12 masu kamuwa da 12 marasa kamuwa suna kwance ba a yi musu komai ba, ta ga gefen goshi na hagu ya fi haɗewa da singulet a wajen masu kamuwa. Wannan ya kai ga wani gwaji da aka buga a 2024, inda aka harba maganaɗisu ta wajen kai zuwa wannan gefen goshin na tsawon daƙiƙa 92, cikin rukunin mutum 80 masu ciwon jiki na dindindin da ake kira faibiromayaljiya. Waɗanda aka yi wa na gaske saurin kamuwarsu ya ɗan ƙaru na ɗan lokaci, waɗanda aka yi wa na bogi bai ƙaru ba.

Ke nan an gano tambarin hifnosis a ƙwaƙwalwa?

Ba a gano ba, kuma duk wanda ya nuna maka hoto guda ya ce ga ƙwaƙwalwa cikin hifnosis ya yi azarɓaɓi. A 2017 Mathieu Landry da Michael Lifshitz da Raz suka tattara binciken hoto da aka yi, suka haɗa lissafinsu. Yankin da ya riƙa maimaituwa shi ne wani lanƙwasa a sashen gani na baya mai alaƙa da siffanta abu a zuci, ba ma yankunan goshi da aka fi yayatawa ba.

Dalilan rashin jituwar a fili suke. Yawancin binciken mutane ƙalilan ne. Kowace tawaga da irin shigarwarta da irin shawararta. Kusan kullum ana zaɓar waɗanda ke can ƙarshen ma'auni ne, a bar mafi rinjaye da ke tsakiya. Sannan kwanciya cikin bututu mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, kai a ɗaure, ba shi ne yanayin da aka saba yin hifnosis ba.

Saboda haka tsohuwar muhawara tana nan da ranta. Ɓangaren Hilgard yana ganin akwai wani yanayi na musamman da hankali ke rabuwa gida biyu. Ɓangaren Theodore Barber da Nicholas Spanos da Kirsch yana ganin tsammani ne da ƙiyasi da yarda da rawar da aka ba mutum. Hotunan sun tabbatar da cewa abin da mutumin ya ce ya ji yana da tushe a ƙwaƙwalwarsa. Ba su yanke hukuncin ko sai an shiga wani yanayi na daban kafin hakan ya faru ba.

Yana taimakawa wajen tuno abin da aka manta?

Nan sai an yi hattara. Toshe tuni na ɗan lokaci kam yana yiwuwa. A 2008 tawagar Yadin Dudai a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ta nuna wa mutane fim, bayan mako guda aka ba su shawarar su manta shi har sai an ba da wata alama. Masu kamuwa suka kasa amsa tambayoyi kan abin da ke cikin fim ɗin, aikin sassan gani da na gefen kai ya ragu, wani yanki a goshi ya ƙaru. Da aka ba da alamar, tunin ya dawo. Ba a goge komai ba, ƙofar aka rufe.

Tono abin da ya ɓace kuwa wata magana ce. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu kamar faifan bidiyo, duk lokacin da aka tuna sake gina shi ake yi. Cikin hifnosis mutum yakan faɗi abubuwa da yawa, na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe, kuma ya ƙara sakankancewa da dukansu. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry sun cusa wa masu saurin kamuwa 27 cewa wata ƙara ta tashe su a wani dare da suka riga suka ce sun yi barci lafiya, 13 daga cikinsu suka fito suna cewa haka aka yi. Wannan ne ya sa kotuna da dama a Amurka suka taƙaita ko suka ƙi karɓar shaidar da aka farfaɗo da ita ta hifnosis.

Mai gudanarwa yana da wani ƙarfi da yake mallake mutum da shi?

An gwada wannan tun 1784. Franz Mesmer, likitan da ya yi tashe a Faris, yana iƙirarin akwai wani ruwan maganaɗisu da ba a gani wanda yake sarrafawa. Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti da ya haɗa da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido, sai ya zama suna amsawa idan sun zaci ana yi musu aikin ko da ba a yi, ba sa amsawa idan ana yi ba su sani ba. Kwamitin ya ce ƙiyasi ne. Binciken zamani ya ƙara da cewa saurin kamuwar mutum ya fi gwanintar mai gudanarwa tasiri, har ma da murya a faifai ana yi. Mutum yana jin abin da ke gudana, yana iya ƙin shawarar da ba ta kwanta masa ba, kuma ba ya maƙalewa ya kasa fitowa.

Ana amfani da shi a asibiti da gaske?

Ana yi. A asibitin Jami'ar Liège ta Beljiyam, Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da allurar kashe zafi ta wuri guda da ɗan maganin kwantar da hankali tun 1992, an kuma yi dubban tiyata a haka, ciki har da na maƙoƙo, ba tare da an sa majiyyaci dogon barci ba. A 2000 Elvira Lang ta buga gwaji kan majiyyata 241 da ake zura wa bututu ta jijiyar jini ko ƙoda, inda masu hifnosis suka buƙaci maganin ciwo ƙasa da na masu kulawar da aka saba, aikinsu kuma ya fi saurin ƙarewa. Peter Whorwell a Manchester ya nuna amfaninsa ga ciwon hanji mai yawan tashi tun 1984, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince a yi la'akari da shi ga wanda magani bai yi wa aiki ba bayan shekara guda.

Shaidar ta fi ƙarfi a ciwo da fargabar tiyata da ciwon hanji, ta fi rauni a barin sigari da rage ƙiba. Wasu kan ji ciwon kai ko jiri ko damuwa na ɗan lokaci bayan zama. Mai taɓin hankali da ke sa shi jin muryoyi ko ganin abin da babu, da wanda ya sha mummunan tashin hankali a baya, kada su shiga sai da sanin likitansu. Ciwon da ba a san musabbabinsa ba kuma a fara kai shi asibiti a bincika, domin hifnosis na iya rage jin zafin alhali cutar da ke haddasa shi tana ci gaba.